PS5 biyu ko kwamfuta ɗaya mai katin hoto? Masu gidan gem ku zo mu yi ta

Mai Gidan Gem, Tudun Wada: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema kafin in kashe kuɗi. Shagona PS4 ne guda shida, kowace da talabijin inci 32, kuma yawancin masu zuwa ƙwallo suke bugawa, sai 'yan Mortal Kombat bayan la'asar. Yanzu yara sun fara shigowa suna tambayar "Oga babu 5?", wasu ma sun koma wani shago a bakin titi saboda ita. Na tara abin da zai sayi PS5 biyu na hannu. Ƙanena ya hana ni sakat, wai in haɗa kwamfuta ɗaya mai ƙarfi ta fi su. Wani kuma ya ce in ɗauki Xbox Series S uku. Masana, bismillah.

Ɗan Poly: Wa alaikumus salam Yaya. Ƙanenku ya faɗa muku gaskiya. Ita kanta PS5 kwamfuta ce aka rufe a kwali aka hana ka taɓa cikinta. Firosesar da ke ciki ta AMD ce, Zen 2 mai ƙwaƙwalwa takwas, fasahar 2019 ke nan, katin hotonta kuma RDNA 2. An sake ta a Nuwamba 2020, kuma yadda ta fito haka za ta tsufa. In kuka sami Ryzen 5 5600 da RX 6700 XT kun wuce ta. Gobe kuɗi suka samu sai ku cire kati ku sa wani. Ba biyan PS Plus, kuɗin rajistar Sony, kafin a buga da mutane a intanet, ga rangwamen Steam, shagon gem na kwamfuta. Da safe kuma yara suna makaranta, sai ta yi muku aikin zanen katin biki da cike fom.

Ɗan Barnawa: Duk wanda ya san lamba ya san Xbox ce gaba. A teraflof, ma'aunin ƙarfin lissafin katin hoto, Xbox Series X 12 ce, PS5 10.28. Sony suna kawai take sayarwa.

Sarkin PES, Kawo: An fara. Kullum teraflof. Ɗan Barnawa, tsakaninka da Allah, ka taɓa ganin yaro ya shigo gidan gem a Kaduna ya ce a ba shi Xbox?

Ɗan Barnawa: Rashin sani ne ai. Kuma shi Oga ba Series X aka ce ya saya ba, S ce, mai araha. Dala 299 aka fitar da ita lokacin da PS5 mai faifai take 499.

Sarkin PES, Kawo: To S ɗin teraflof nawa ce? Faɗa mana mana.

Ɗan Barnawa: Huɗu.

Sarkin PES, Kawo: Na gode. Lamba ta yi daɗi a sama, a ƙasa kuma ta yi ɗaci.

Mai Gyara, Kasuwar Barci: Ku dakata in sa baki, tunda duk abin da kuke musu a kansa a teburina yake ƙarewa da sukurdireba. Wannan teraflof ɗin lissafi ne kawai na takarda. Ana ɗaukar yawan rukunin lissafi na katin, a ninka da 64, a ninka da 2, a ninka da gudun agogonsa. PS5 rukuni 36 ne masu gudun 2.23, ya ba ka 10.28. Series X rukuni 52 ne masu gudun 1.825, ya ba ka 12 da 'yan kai. Wato Sony ta zaɓi kaɗan masu sauri, Microsoft ta zaɓi da yawa masu matsakaicin gudu. Kamfani ɗaya ne ya ƙera musu duka, AMD, iyali ɗaya ne. Shi ya sa in ka jera su a gem ɗaya, wani lokaci wannan ta ɗan fi, wani lokaci waccan, kuma sai ka tsayar da hoto ka ƙura ido kafin ka gani.

Amma Alhaji, abin da ya fi damuna a maganarka ba wannan ba ne. Ka ce talabijin ɗinka inci 32. Yawancin irinsu da ke kasuwarmu 720 ne, mai kyau a ciki 1080. Shi 4K da ake yi wa PS5 kirari ɗigon hoto miliyan 8.3 ne, ninki huɗu na 1080. In ka jona PS5 a wannan talabijin, ka sa injin tirela ne a jikin Keke Napep. Yaro zai zauna ya ce bai ga bambanci da 4 ba, kuma ka ƙara masa kuɗin wasa. Don haka duk lissafin da za ka yi, ka sa kuɗin talabijin a ciki, ko da inci 43 ne.

Mai Gidan Gem, Tudun Wada: Wallahi Injiniya ban kawo talabijin a raina ba sam. To ke nan biyun ma ba za su samu ba.

Ɗan Poly: Shi ya sa na ce kwamfuta. Da monita 1080 mai 144Hz, wato mai sabunta hoto sau 144 a daƙiƙa, yaro zai ga santsin da bai taɓa gani ba.

Mai Gyara, Kasuwar Barci: Ƙanena, yaro ɗaya zai gani, ko biyu. Sauran kuma su tsaya a bayansa suna kallo? Shi gidan gem da yawan kujera yake cin abinci. Sannan ka yi wa Alhaji lissafin wuta. RX 6700 XT ɗin da ka ambata ita kaɗai wat 230 take ja, ban da firosesa da fankoki da monita. PS5 gaba ɗayanta wajen wat 200 take ci in gem ya yi nauyi. Series S ba ta kai 100 ba. PS4 siririya ma haka, ƙasa da 100 yawanci. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, duk mai shagon da na sani da wat yake kwana yake tashi. Masu Band A kuma an kai musu naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024. In sola ce da inbata, kowane wat 100 da ka ƙara batir ne ka ƙara.

Su waɗancan masu musun a Amurka da Turai, da suke gwada RTX 4090 mai shan wat 450, wadda Nvidia da kanta ta ce a nema mata fawa mai wat 850, ba wanda a cikinsu yake tunanin za a ɗauke wuta ana minti na tamanin. Mu muke kwaso musunsu mu kawo Tudun Wada ba tare da mun kwaso wutarsu ba.

Ɗan Poly: Oga Injiniya ai akwai kati marasa shan wuta. RX 6600 wat 132 ce, RTX 4060 kuma 115.

Mai Gyara, Kasuwar Barci: Akwai, kuma masu kyau ne. Amma da ka sauko nan ka daina cewa ka wuce PS5, ka dawo sa'arta ko ƙasa da ita. Zaɓi ɗaya.

Sarkin PES, Kawo: Ni bari in yi maganar da ba ta lamba ba. Na girma a gidan gem tun zamanin PS2, lokacin Winning Eleven, ana cewa wanda aka ci ya biya. Hannun yaran garin nan ya saba da alwatika da da'ira da X da murabba'i. Ka miƙa masa hannun Xbox, X ɗin yana wani wuri daban, aka ci shi biyu sai ya ce hannu ne, ya ƙi biya, rigima ta tashi. Kwamfuta kuma, Allah Ya kiyaye, yaro ya danna wani abu gem ya fita, ko Windows ta ce sai ta sabunta kanta ana tsakiyar gasa. Mai shago zai koma injiniya ƙarfi da yaji. PS kuwa ka kunna ka miƙa hannu ka koma kan kujerarka.

Kuma abin da yaran suke nema a 5 ba ƙarya ba ne. Tun da EA ta rabu da sunan FIFA ta koma FC 24 a 2023, kai tun kafin nan ma, wanda ake sa wa PS4 ba daidai yake da na PS5 ba. HyperMotion ɗin da ke sa motsin 'yan wasa ya yi kama da na gaske babu shi a na 4. Suna gani a TikTok, sun san bambancin.

Ɗan Barnawa: Series S tana da shi ai. Sabon zubi take bugawa, iri ɗaya da PS5, da rabin wuta. Wannan ku amsa min.

Mai Gyara, Kasuwar Barci: Wannan kam ka faɗi daidai, kuma shi ne ƙarfin hujjarka, ba teraflof ba. A talabijin 1080 Series S ta wadatar. Inda take ba da wahala: ba ta da wurin faifai, komai sai an sauke. Ma'ajiyar ta asali gig 512 ce, abin da ke saura maka bai kai 400 ba. Call of Duty kaɗai yakan haura gig 100. Wa zai biya datar? Sannan in ta lalace, kayan gyaranta ba su cika kasuwa kamar na Sony ba, sai an aika Legas, Computer Village, a jira. In ka tashi sayarwa kuma a nan Arewa mai saye sai ka nema. PS4 kuwa an sayar da sama da miliyan 117 a duniya, shi ya sa fankarta da fawarta da bakin HDMI ɗinta suke ko'ina.

Baban Intel, Malali: Na shigo a makare. Ni abin da ya tsaya min shi ne yadda Ɗan Poly ya ce Ryzen kamar babu wata firosesa a duniya. AMD zafi take yi, kowa ya sani. A garin da Maris da Afrilu suke dafa mutum, Intel ce kwanciyar hankali.

Ɗan Poly: Baba wannan labarin zamanin firosesocin AMD FX ne, wajen 2011, lokacin Bulldozer. A lokacin kuna da gaskiya. Amma Lisa Su ta karɓi shugabancin kamfanin a 2014, Ryzen ta fito 2017, labari ya canza. Da Ryzen 7800X3D ta fito a 2023, ita aka riƙa bi a gem, kuma ba ta shan rabin wutar i9 ta Intel. Wa ya fito a 2024 ya amsa cewa firosesocinsa na zubi na 13 da 14 suna samun matsala saboda ƙarfin wuta ya yi musu yawa, har ya ƙara garanti shekara biyu? Ba AMD ba ce.

Baban Intel, Malali: Manyan ne abin ya fi shafa, su i9 da i7 na tebur. Wa yake sayensu a nan? Je ka Ahmadu Bello Way ka ƙirga laftof, goma nawa ne Intel a ciki? Ofisoshi da bankuna duk wawaye ne?

Ɗan Poly: Ba wawaye ba ne, kwantenar da ta zo daga Turai ce ta zaɓa musu. Abin da kamfanonin can suka gama amfani da shi ne muke saye.

Admin: A ci gaba da musu amma ban da "wawaye". Baba da Ɗan Poly, ku sassauta.

Anti Mai Bidiyo, Unguwar Rimi: Salamu alaikum. Ku yi haƙuri in ɗan karkatar da ku, tunda an zo kan Intel. Ni ba gem nake yi ba, bidiyon biki da kamu nake haɗawa. An sayar min da laftof an ce Core i7 ce, amma da na sa bidiyon 4K sai ta riƙa tsayawa tana huci. Wata ƙawata i5 gare ta kuma tata tana gudu lafiya. Yaya ƙarami zai fi babba?

Mai Gyara, Kasuwar Barci: Wa alaikumus salam Anti. Duba lambar da ke bayan i7 ɗin ki turo mana.

Anti Mai Bidiyo, Unguwar Rimi: 7500U.

Mai Gyara, Kasuwar Barci: To ga shi nan. Bakwai ɗin farko zubi na bakwai ke nan, na 2016. U ɗin ƙarshe kuma irin masu tsimin batir ne. Wannan i7 ɗin ƙwaƙwalwa biyu kacal gare ta. Ƙawarki in i5 ɗinta zubi na takwas ce tana da huɗu, in na 12 ce ta fi haka nesa. Ko i3 na zubi na 12 ya fi taki. Wannan sitikar ta i7 ta ci kuɗin mutane da yawa a garin nan, don mai saye sunan yake tambaya, mai sayarwa kuma ba zai ce masa tsaya ka duba zubi ba. Ƙari a kan haka, Windows 11 a hukumance daga zubi na takwas take farawa, Windows 10 kuma Microsoft ta daina ba ta tallafi na kowa da kowa a Oktoban 2025. Duk mai sayen na hannu yanzu kada ya sauka ƙasa da takwas.

Baban Intel, Malali: Kuma Hajiya in za ki canza, a aikinki Intel ce ta dace. Akwai Quick Sync a cikinta, wani sashe ne da aikinsa kawai buɗe bidiyo da matse shi, Premiere tana amfani da shi. Ɗan Poly ka musa wannan.

Ɗan Poly: Ban musa ba Baba. Amma in da hali ta haɗa da katin Nvidia, ko 3050 ne, da ram 16. A aikin bidiyo da su Blender, CUDA, fasaharta ta sa katin hoto yin lissafi, ta sa Nvidia ta yi gaba, wannan ko ni mai son AMD na sani.

Anti Mai Bidiyo, Unguwar Rimi: Allah Ya saka da alheri. Wato dai zubi, ram, kati. Na rubuta.

Ɗan Barnawa: Mu dawo kan Oga. In kwamfuta ce, akwai RX 580 gig 8 birjik a kasuwa da araha.

Mai Gyara, Kasuwar Barci: Ka san dalilin arahar? Katin 2017 ne, kuma shi ne dokin masu haƙar kuɗin kirifto na Ethereum. Sun yi shekaru suna aiki dare da rana. A Satumbar 2022 Ethereum ta daina amfani da haƙa, sai aka juye su kasuwa, suka biyo kwantena. Ba duka ne matattu ba, wasu masu haƙar ma rage musu wuta suke yi. Amma fanka ta gaji, man da ke kan ƙwaƙwalwar ya bushe, wasu an canza musu BIOS, manhajar da ke cikin katin. Na buɗe wasu na ga an wanke su an manna sabuwar sitika. In za ka saya, a kunna maka gem mai nauyi a gabanka na rabin awa, ka ga zafin da yake kaiwa, ka ga ko hoto zai fara ɗigo-ɗigo. Mai kaya ya ƙi, ka kama hanya.

Kuma tunda hunturu na tafe: ƙura ta fi teraflof kashe na'ura a Kaduna. PS4 da kuke ji tana ƙara kamar za ta tashi sama, ƙura ce ta toshe mata hanyar iska. PS5 tana da ramuka biyu a ƙarƙashin murfi da aka yi don zuƙe ƙura, wannan dabara ce mai kyau. Sai dai ba man shafawa na yau da kullum ke kan firosesarta ba, ruwan ƙarfe ne, in ya zuba a kan allo ya haɗa wuta an gama. Kada a ba yaron shago ya buɗe ta da sunan goge-goge.

Malam na Rigasa: Ina ta karantawa ban ce komai ba. Akwai abin da kowa ya sani amma ba wanda ya faɗa. Abin da ya riƙe PS4 a shaguna shi ne ana buɗe ta a loda gem ba a biya masu shi ba. In Alhaji ya koma 5, sayen gem zai riƙa yi da dala, duk shekara sabuwar ƙwallo. Ni a wurina wannan ba aibi ba ne, gyara ne. Mutane sun yi shekaru suna aiki, kai kana karɓar kuɗi da aikinsu, haƙƙi ne.

Sarkin PES, Kawo: Allah Ya gafarta Malam, maganarku gaskiya ce, amma dala 70 fa ake sayar da sabon gem. Wasa nawa yaro zai buga kafin a mayar? Kuma shagon nasu ma yawancinmu da akawun ɗin Amurka ko Ingila muke shiga, sai an nemi katin gif.

Malam na Rigasa: Tsada ba ta halatta kayan wani, ɗana. Akwai faifai na hannu, akwai rangwame in shekara ta raba, kuma eFootball ɗinku tun 2021 kyauta ce.

Sarkin PES, Kawo: Kyauta ce, amma ƙungiyoyin da za a buga ba intanet 'yan kaɗan ne. Konami ta kashe mana PES, wannan ciwon daban ne, kada ku tayar min da shi.

Ɗan Poly: Ni dai har yanzu ina kan bakana. Nan da shekara uku PS5 ta tsufa. Sony da kanta ta fitar da Pro a Nuwamba 2024 a kan dala 699, babu ma wurin faifai. Kuma me ta ƙara? PSSR, wato ƙara girman hoto da ƙirƙirarriyar basira, abin da Nvidia ta fara da DLSS tun zamanin RTX 20.

Ɗan Barnawa: Nvidia ɗin da ta manta da ku? Kuɗinta yanzu a cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira yake, a Yulin 2025 darajarta ta kai dala tiriliyan 4. Ta ba ku 3060 mai gig 12, ta dawo ta ba ku 4060 mai gig 8, kuna tafi.

Ɗan Poly: Shi ya sa na ce AMD tun farko!

Sarkin PES, Kawo: Ɗan Poly amsa min ɗaya. GTA 6 a kan me aka sanar da shi? PS5 da Xbox Series. Ba a ambaci kwamfuta ba. GTA 5 ma a 2013 ya fito a PS3 da Xbox 360, masu kwamfuta sai 2015 suka gan shi. Ranar da GTA 6 ya fito duk shagon da ba shi da 5 a garin nan zai yi shiru.

Ɗan Poly: In ya zo mana kuma zai fi naku kyau.

Sarkin PES, Kawo: Bayan mun gama shi sau biyu.

Mai Gyara, Kasuwar Barci: Alhaji, ga nawa ra'ayin ƙarara, kowa ya ji haushi ya ji. Kada ka sayi biyu. Sayi PS5 ɗaya mai faifai, da talabijin ɗaya mai kyau, da hannu huɗu na asali, don hannun DualSense tsada gare shi kuma analog ɗinsa yakan fara tafiya da kansa in yara suka matsa masa. Ka ware mata kusurwa, kuɗin wasanta daban. Ragowar kuɗin ka kawo PS4 ɗinka a wanke su a canza musu mai, ka ƙara batir. Bayan wata uku littafinka zai gaya maka ko ta biyu ta cancanta. Kwamfuta kuwa ƙanenka ya tara nasa ya haɗa a ɗakinsa, zan taya shi zaɓen kaya.

Baban Intel, Malali: Da Intel.

Ɗan Poly: Baba don Allah.

Mai Gidan Gem, Tudun Wada: Injiniya, siririyar ko mai ƙibar farko? Na ga ana sayar da duka biyun na hannu.

Mai Gyara, Kasuwar Barci: Ƙarfinsu ɗaya. Siririyar ta ƙarshen 2023 ce, ma'ajiyarta tera 1, ta farkon gig 825. In siririya ce ka tabbata na'urar faifan tana jiki kuma tana karantawa, don ita cirewa ake yi, kuma sai an haɗa ta da intanet sau ɗaya an yi mata rajista. Ka sa mai kaya ya shiga PSN, dandalin intanet na Sony, da ita a gabanka, kada a haɗa ka da wadda aka toshe.

Ɗan Barnawa: Series S dai ba ta da wannan dogon bincike.

Admin: Ɗan Barnawa, an kira magariba.